Kafin a yi maka kutse: ka koma Passkey, amma ka fara gyara makullin wayarka

Da wuya mako guda ya wuce ba ka ci karo da irin wannan sanarwa ba, ko a Facebook ko a sitatus ɗin WhatsApp: "Jama'a don Allah a yi hattara, an yi wa shafina kutse. Duk wanda aka tura wa saƙon neman kuɗi da sunana, wallahi ba ni ba ne." A ƙasa sai ka ga an jero "Allah ya kiyaye gaba" da "Allah ya tona asirinsu". Amin. Sai dai kafin sanarwar ta fito, an riga an karɓi dubu biyar a hannun gwaggo, an karɓi dubu goma a hannun abokin makaranta, an shiga akwatin saƙo an karance hirar shekara uku. Abin da ya rage ihu ne bayan hari.

Waɗanda abin ke faɗa wa kuwa ba sakarkaru ba ne. Akwai 'yar kasuwa mai sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram, wadda ta ɗauki shekaru tana tara kwastomomi. Akwai ɗalibin da duk takardunsa na makaranta suna cikin Gmail. Akwai mai barkwanci a TikTok da ya fara samun talla. Akwai budurwar da hotunanta da hirarrakinta za su iya zama makamin yi mata barazana. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wani abin da sauran jama'a ba sa yi kullum.

Ra'ayina ɗaya ne, kuma gara in faɗe shi tun farko: zamanin dogaro da kalmar sirri ya wuce, kuma abin da zai maye gurbinta yana cikin wayarka yanzu haka, kyauta. Sunansa Passkey, haka za ka gan shi a rubuce a cikin saitin manhajoji, mu kuma a nan mu kira shi makullin shiga. Amma akwai sharaɗi. Duk wanda ya koma kansa, ya ɗora tsaron shafukansa ne a kan makullin fuskar wayarsa. Idan wannan makullin 1234 ne, ko kuma kowa a gida ya san shi, to ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu.

Aibin kalmar sirri daga tushe yake

Kalmar sirri abu ne da sai ka furta shi duk lokacin da za ka shiga. Abin da ake furtawa kuwa ana iya jin sa, ana iya kwafe shi, ana iya rarrashin mutum ya faɗe shi. Ta hanya uku ɓarayin intanet suka fi samun ta.

Ta farko, canka. Sunanka da shekarar haihuwa, lambar wayarka, sunan budurwa ko saurayi, sunan kulob ɗin da kake goyon baya. Duk waɗannan suna zube a shafinka, kai da kanka ka wallafa su. Shekara da shekaru ke nan masu bibiyar kalmomin sirrin da aka sace suna fitar da jerin waɗanda aka fi amfani da su a duniya, kuma 123456 ba ta cika sauka daga sahun gaba ba.

Ta biyu, fasa rumbun kamfani. Wannan kam ba laifinka ba ne ko kaɗan. A 2013 an yi wa Yahoo kutse, kuma sai a 2017 kamfanin ya bayyana cewa abin ya shafi dukkan asusunsa, wajen biliyan 3. Idan aka fasa irin wannan rumbu, bayanan kan yaɗu a hannun ɓata-gari, su kuma sai su riƙa gwada imel ɗinka da kalmarka a sauran shafuka. Idan kalma ɗaya kake amfani da ita ko'ina, kamar yadda mafi yawan mutane ke yi, to ƙofa ɗaya aka ɓalle amma gidan duka ya buɗe.

Ta uku, wadda ta fi cin mutanenmu, ita ce yaudara. Saƙo ya shigo cewa za a rufe shafinka cikin awa 24 saboda ka karya doka, ka danna nan ka ɗaukaka ƙara. Ko an buɗe rajistar wani tallafi. Ko ana rabon data kyauta. Ko wata ƙawa, wadda ita ma an riga an ƙwace shafinta, ta turo ta ce ka zaɓe ta a wata gasa. Ka danna, shafi ya buɗe, launinsa da tambarinsa sak na Facebook. Ka rubuta kalmar sirri da hannunka, ka miƙa wa ɓarawo.

Za ka ce ai akwai lambar da ake turowa ta tes. Gaskiya ne, kuma ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma ita ma abin furtawa ce. Wa bai ji labarin kiran nan ba: "Salamu alaikum, daga guruf ɗinmu ne, za mu yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka." Lambobi shidan nan ba na wani taro ba ne, na ɗauke WhatsApp ɗinka ne zuwa wata waya. Ga kuma masu yi wa layin mutum "welcome back" da bayanan ƙarya, ga layin da ka daɗe da yar da shi kamfani ya sake sayar wa wani, alhali har yanzu shi ne a maƙale da shafinka.

Nasihar da aka saba yi ita ce: ka yi doguwar kalma, ka gauraya baƙaƙe da lambobi, kada ka maimaita, kada ka danna abin da ba ka sani ba. Duk daidai ne. Amma wa zai haddace dogayen kalmomi talatin daban-daban? Kuma wane ne ba ya gajiya, ba ya gaggawa, ba ya ruɗewa idan aka ce za a rufe shafin da yake cin abinci da shi? Tsarin da yake buƙatar kada ka yi kuskure ko sau ɗaya a rayuwarka, shi ne mai matsala, ba kai ba.

To mene ne makullin shiga?

Ka ɗauke shi kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Ranar da ka ƙirƙiri Passkey a wani shafi, wayarka za ta ƙera abu biyu masu dacewa da juna ta hanyar lissafi. Ɗaya, wato kwaɗon, za ta miƙa wa shafin ya ajiye. Ɗayan, wato ɗan makullin, yana nan a ɓoye a wajenka, ba a miƙa wa shafin shi har abada.

Idan ka zo shiga, shafin zai turo wa wayarka wata sabuwar tambaya ta lissafi. Wayar za ta ce ka ɗora yatsa, ko ka nuna fuska, ko ka sa lambar da kake buɗe ta da ita. Da ka yi haka, sai ta yi amfani da ɗan makullin ta sa hannu a kan tambayar, ta mayar. Shafin ya gwada da kwaɗon da ke wajensa, ya ga sun dace, ya buɗe maka. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu ko uku. Sa hannun da aka tura na wannan shigar ne kawai, ko wani ya tare shi a hanya ba zai yi masa amfani gobe ba.

Yanzu ka koma kan hanyoyin sata ukun nan. Canka ba ta aiki, domin babu wata kalma da za a canka. Fasa rumbu ba ya aiki, domin abin da ɓarawo zai tarar a can kwaɗo ne, kuma ba a iya ƙera ɗan makullin daga jikinsa. Yaudara ma ba ta aiki, kuma nan ne babban alherin yake: kowane makulli a ɗaure yake da adireshin shafin da aka yi shi dominsa. Wanda aka yi wa facebook.com ba zai taɓa fitowa a wani shafin da aka kwaikwayi Facebook ba, komai kamarsu. Idonka yana iya ruɗuwa da shuɗin launi da tambari, amma waya ba launi take dubawa ba, adireshi take karantawa baƙi bayan baƙi. Sannan ko an kira ka an ce ka karanto makullinka, ba ka da abin karantawa. Ba ka san shi ba, ba ka taɓa ganin sa ba. Abin da ba ka sani ba kuwa, ba mai iya yi maka wayo ka faɗa.

Wannan ba sabon yayi ba ne da wani kamfani ya ƙirƙiro jiya. Wata gamayyar kamfanonin fasaha mai suna FIDO Alliance ta fi shekara goma tana aiki a kai, kuma a 2019 aka amince da ƙa'idar da ake kira WebAuthn a matsayin mizani na intanet. A watan Mayun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar tare cewa za su rungumi tsarin. Apple ta shigo da shi cikin iOS 16 a wannan shekarar, Google ta buɗe shi ga asusunta a watan Mayun 2023, WhatsApp ta kawo shi a Android a watan Oktoban 2023, sannan a iPhone a 2024. A 2025 Meta ta sanar da shi a manhajar Facebook ta waya, Microsoft kuma ta mayar da sababbin asusunta marasa kalmar sirri tun daga buɗewa. TikTok da X ma suna da shi. Wato inda duniya ta dosa ke nan, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Yadda za ka saita shi

Ba sai kana da tsadaddiyar waya ba. Android 9 zuwa sama ta isa, kuma tun 2018 ta fito, don haka galibin wayoyin Tecno da Infinix da itel da Samsung da ke hannun matasa sun cika sharaɗi. A iPhone kuma daga iOS 16, wato daga iPhone 8 zuwa sama. Ko wayarka ba ta da wurin ɗora yatsa, lambar buɗe fuska ta wadatar.

Mataki na farko ba a cikin kowace manhaja yake ba, a fuskar wayar yake. Ka sa lambar buɗewa mai aƙalla lambobi shida, ba shekarar haihuwa ba, ba ƙarshen lambar wayarka ba, ba 000000 ba. Idan zane kake ja, ka sani zanen da ya yi kama da L ko Z kowa ya iya shi, kuma wanda ke bayanka a cikin adaidaita sahu kallo ɗaya ya ishe shi. Sannan ka shiga wurin zanen yatsa ka duba yatsu nawa aka yi wa rajista. Duk yatsan da ke cikin jerin nan zai iya buɗe makullanka. Idan akwai na aboki, ko na ƙane, ko na wanda kuka rabu tun bara, ka goge.

Na biyu, asusun Google, ko na Apple ga mai iPhone. Shi ne uwar ɗaki, domin a nan ake adana sauran makullan, kuma ta Gmail ake maido da mafi yawan shafuka. Matasa da yawa ba su ma san kalmar sirrin Gmail ɗinsu ba, domin mai shagon da suka sayi waya ne ya buɗe musu, ko wani yaya a unguwa. Idan haka naka yake, ka sani akwai wani mutum a duniya da ya san hanyar shiga ɗakinka. Ka canza kalmar yau, ka tabbatar lambar waya da imel na ko-ta-kwana da ke ciki naka ne kuma suna aiki. Daga nan ka buɗe g.co/passkeys, ko ka shiga saitin asusun, ɓangaren Security, ka nemi Passkeys. A wayar Android sau da yawa za ka tarar an riga an tanadar maka, kunnawa kawai za ka yi. In ba haka ba ka danna Create a passkey, ka ɗora yatsa, shi ke nan.

Na uku, WhatsApp: ka shiga Settings, sai Account, sai Passkeys, ka ƙirƙira. Kafin ka fita daga wurin, ka kunna Two-step verification, ka sa lambobi shida na kanka tare da imel. Zan dawo kan dalilin da ya sa wannan ya zama dole.

Na huɗu, Facebook: cikin Settings ka nemi Accounts Centre, sai Password and security, za ka ga Passkey. A TikTok da X ma yana ƙarƙashin saitin asusu ko na tsaro. Wuraren kan ɗan sauya idan aka sabunta manhaja, don haka idan ba ka gani ba, ka sabunta ta sannan ka rubuta Passkey a gurbin bincike na saitin.

Duka wannan bai kai tsawon rabin wasan ƙwallo ba.

"Idan wayar ta ɓata fa?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, musamman a garuruwan da ƙwacen waya ya zama ruwan dare. Amsar tana da fuska biyu.

Ta ɓangarenka, makullan ba sa mutuwa tare da waya. A Android ana adana su a Google Password Manager, a iPhone kuma a iCloud Keychain, a kulle ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karanta su. Idan ka sayi sabuwar waya ka shiga asusunka, za a nemi ka tabbatar kai ne, galibi da lambar buɗe tsohuwar wayar, sai makullan su dawo. Shi ya sa bai kamata ka manta wannan lamba ba, kuma shi ya sa na ce asusun Google ko Apple shi ne uwar ɗaki. Ka tanadi hanyar komawa cikinsa tun kafin rana ta ɓaci. Idan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a Google, za ka iya karɓar lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. Ka rubuta su a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta, ba ka ɗauke su hoto ka bari a cikin wayar da za a iya ƙwacewa ba. Idan kuma za ka sauya daga Android zuwa iPhone ko akasin haka, kada ka sayar da tsohuwar sai ka shiga kowane shafi a sabuwar ka ƙirƙiri sabon makulli.

Ta ɓangaren ɓarawo, waya a kulle ba ta ba shi komai. Haɗarin yana wurin wanda ya ƙwace wayar kuma ya san lambar buɗe ta, ko don ya leƙa, ko don ya tilasta maka. Idan aka tsare ka da makami, ka bayar, rai ya fi waya. Amma da ka samu kanka, kada ka tsaya jimami: ka ari waya ko kwamfuta, ka kulle wayar ko ka goge ta daga nesa ta hanyar tsarin neman waya na Google ko na Apple, ka fitar da ita daga jerin na'urorin asusunka, ka sa a rufe layin. Akwai kuma kariyar da za ka kunna tun yanzu. Apple ta kawo Stolen Device Protection a farkon 2024, wadda ke hana ɓarawo canza muhimman saituna da lamba kaɗai, sai da fuska ko yatsan mai wayar. Google ma a 2024 ta kawo Theft protection a Android, wadda za ta iya kulle fuskar waya idan ta ji alamar an fizge ta an ruga. Ka shiga saitin ka kunna su.

"Ba zan ba Turawa zanen yatsana ba"

Tsoro ne mai ma'ana, kuma yana da kyau mutum ya riƙa tambayar inda bayanansa ke zuwa. Amma a nan, zanen yatsanka da fuskarka ba sa barin cikin wayar. Facebook ba ya ganin su, WhatsApp ba ya ganin su. Aikin yatsan shi ne ya shaida wa wayarka cewa mai ita ne ke riƙe da ita, ita kuma ta sa hannu. Abin da ke isa shafin sa hannun ne kawai. Wanda duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, ya yi amfani da lamba zalla, makullin zai yi aiki.

"Ni me nake da shi da za a sata?"

Ba kuɗinka ake nema ba, sunanka ake nema. Amanar da mutane suka ba ka ita ce jarin ɗan damfara. Mahaifiyarka ba za ta tura wa baƙo kuɗi ba, amma za ta tura wa "kai" idan ta ga saƙo daga lambarka cewa kana asibiti. Duk guruf ɗin da kake ciki, na dangi, na makaranta, na masallaci ko coci, na 'yan kasuwa, ya zama gonar da zai girba. Tsare shafinka ba kanka kaɗai kake yi wa ba.

"A gidanmu waya ɗaya muke amfani da ita"

Nan kam dole a faɗi gaskiya: an ƙera tsarin ne da tunanin mutum ɗaya, waya ɗaya, kuma ba haka rayuwa take a gidaje da yawa ba. Ƙanne suna kallon bidiyo a wayar yaya, mata da miji sun san lambar juna, ana barin waya a shagon caji a tafi kasuwa, ana ba mai gyara lambar buɗewa ya gwada sikirin. Duk wanda ya iya buɗe wayar, ya iya amfani da makullan da ke cikinta. Don haka kada ka ƙirƙiri makulli a wayar da ba taka ba, ko a kwamfutar shagon intanet. Idan yaro zai yi wasa da wayarka, kai ka buɗe masa, ba ka koya masa lambar ba. Idan za ka ba da caji, ka kashe ta. Idan gyara ya tilasta ka faɗi lambar, ka tsaya a wurin, kuma ka canza ta da ka karɓi wayarka. 'Yar uwa, ke ma ki ji wannan: wanda ya ce sai kin sa yatsansa a wayarki ne zai yarda kina son sa, ba soyayya yake nema ba, makullin ɗakinki yake nema.

Idan kuma dole ta sa ka shiga Gmail a kwamfutar wani, misali wajen rajistar jarrabawa, nan ma makullin yana da amfani. Ka zaɓi shiga da wata na'ura, kwamfutar za ta nuna hoton QR, ka haska da wayarka, ka ɗora yatsa. Ba ka rubuta komai a kan allon da ba ka san me aka dasa masa ba. Sai dai dole Bluetooth ya kasance a kunne a duka biyun, domin ta nan ake tabbatar da cewa wayar tana kusa, kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta ke da shi ba. Ko ta yaya ka shiga, ka fita kafin ka tashi.

Inda makullin ba ya kaiwa

Ba zan yi maka tallan maganin-kowace-cuta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma akwai tsagar da Passkey ba ya toshewa.

Babbar ita ce tsohuwar ƙofa. A mafi yawan shafuka, ƙirƙirar makulli ba ya goge kalmar sirri, kuma ba ya hana a turo lamba ta tes. A WhatsApp misali, makullin yana sauƙaƙa maka komawa cikin asusunka, amma idan ka karanta wa wani lambobi shidan da aka turo, har yanzu zai iya yin rajistar layinka a wayarsa. Abin da zai tare shi a nan shi ne lambar mataki biyu da na ce ka kunna. Don haka ka ɗauki sabuwar ƙa'ida: tunda kana da makulli, duk shafin da ya ce ka rubuta kalmar sirri ya zama abin zargi. Ka rufe shi, ka buɗe manhajar da kanka. Ita kuma tsohuwar kalmar, ka canza ta zuwa doguwa wadda ba ka amfani da ita a ko'ina, ka bar ma'ajiyar kalmomin sirri ta waya ta riƙe maka.

Ta biyu, gurɓatattun manhajoji. Irin su GB WhatsApp da sauran waɗanda ake turawa ta Xender ko a sauke daga wani shafi, ba ka san wa ya haɗa su ba, ba ka san me suke kwasa ba. Wanda ya shigo da ɓarawo cikin ɗaki da kansa, ingancin kwaɗon ƙofa ba zai cece shi ba.

Ta uku, haɗa na'ura. Idan wani ya sa ka haska hoton QR, ko ka shigar da wata lamba a ɓangaren Linked devices na WhatsApp, to ka buɗe masa taga yana karanta saƙonninka kana zaune. Ka riƙa leƙa wurin lokaci-lokaci, duk na'urar da ba ka gane ba ka cire ta.

Ta huɗu, babu makullin da zai hana ka tura kuɗi da hannunka. Idan "aboki" ya turo saƙon neman taimako na gaggawa, ka kira shi ka ji muryarsa tukuna.

Duk da waɗannan, lissafin a fili yake. Da kalmar sirri, ɓarawo yana iya zama a wata ƙasa ya yi maka sata da saƙo ɗaya, ya tura irinsa ga mutum dubu a dare guda. Da makullin shiga, sai ya zo inda kake, ya mallaki wayarka, ya kuma san lambarta. Ba a kawar da sata ba, amma an tsawwala mata farashi, kuma yawancin 'yan damfara araha suke bi.

Saura namu da nasu

Akwai kira da ya kamata mu yi da murya ɗaya. Bankuna da manhajojin kuɗi da shafukan makarantu da na hukumomi da yawa har yanzu kalmar sirri da lambar tes suka dogara da su, alhali an san yadda ake yaudarar mutane su karanto lambar. Ba daidai ba ne a ci gaba da ɗora wa kwastoma laifi duk lokacin da aka damfare shi, bayan akwai tsarin da zai rage damfarar tun daga tushe. Matasanmu masu gina manhajoji da shafuka, ku ma wannan naku ne: ƙa'idar a buɗe take ga kowa, ku koye ta, ku sa ta a ayyukanku.

Amma kada jiran su ya hana ka yin naka. A daren nan, kafin ka shiga kallon bidiyo, ka canza lambar fuskar wayarka, ka goge baƙin yatsu, ka saita makulli a Google ko Apple, sai WhatsApp, sai duk shafin da ka fi ji da shi. Ka rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda. Gobe kuma ka zauna da Mama ko Baba, ko yayarka mai sana'a ta WhatsApp, ka nuna musu su yi da hannunsu, su zaɓi lambarsu ba tare da ka gani ba. A gidaje da yawa kai ne "injiniyan waya", kai ake kira idan data ta ƙi hawa. To wannan aikin ya fi gyaran data lada.